Tiya Biyu a Kasuwa Guda

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa raka tsohonsa kasuwar hatsi ya san wani irin ɗan kasuwa mai tiya biyu. In zai sayi gero hannun manomi sai ya jawo babbar, in ya juya zai sayar wa mai cefane sai ya jawo ƙaramar. Kowa ya san sunan wannan aiki, kuma ba wanda ke son a kira ubansa da shi. To, ni dai cewa nake da tiya biyu lakwal ɗinmu ta sakandare take awon yara, mun kuwa saba da abin har mun daina ganinsa.

Bari in fara da gidanmu, don kada a ce daga littafi na ɗauko maganar. Ƙanwata ta yi shekara 3 a lise, samestir 6 ke nan, ba ta taɓa kawo mwayan ƙasa da 12 ba. Ana gobe za a shiga BAC masassara ta kama ta. Kun san lokacin, farkon damina ne, sauro ya fara tashi. Ta rubuta lissafi tana rawar ɗari, ta rubuta fizik kanta kamar zai rabe. Da muka karɓo takardar makinta, 7,5 muka gani. Rabin maki ya hana ta shiga zagaye na biyu. Da daddare innarmu, wadda ba ta taɓa zama aji ba, ta yi mani tambayar da har yau ban samo mata amsa ba. Ta ce: "To ku da kuka yi boko, waɗannan takardun da take kawowa duk wata biyar ina dangwala hannu, na mine ne?"

Tambayar nan ita ce dalilin wannan rubutu.

Mu duba tiya ta farko, ta cikin aji. A lisen da na yi, kuma na san ku ma haka kuka gani ko kusa da haka, kowane darasi yana da makin aji, wanda ake tarawa daga antaro da dabuwar. Ƙarshen samestir a yi kwampozisiyo. A haɗa makin aji da na kwampo a raba biyu, a ninka da kowefisiyan na darasin, a tara na dukkan darussa, har da makin ladabi, a raba da jimillar kowefisiyan. Abin da ya fito shi ne mwayan ɗin samestir. A haɗa na samestir biyu a fitar da na shekara. Wanda ya kai 10 bisa 20 ya wuce aji na gaba. Wanda ya gaza kaɗan ya maimaita. Wanda ya yi ƙasa sosai, ko ya riga ya maimaita ya sake gazawa, a miƙa masa takardar kora.

Ku lura da kyau. Wannan tiya tana da iko mai ban tsoro. Daga siziyam zuwa tarminal shekara 7 ce, kuma a mafi yawan waɗannan shekaru ita kaɗai ke yanke hukunci. Ba jiri, ba lambar ɓoye suna, ba mai gyara na biyu. Jan bik ɗin mushe ya isa ya maida yarinya gida a ɗaura mata aure, ya isa ya maida yaro tasha ko kan kabu-kabu. Kowannenmu na iya lissafo abokan siziyam ɗinsa da suka ɓace ta wannan hanya. Gwamnati ba ta taɓa cewa makin nan ba abin yarda ba ne sa'ad da ake kora da shi.

Sai tiya ta biyu, ta ranar jarrabawa. A ƙarshen turwaziyam BEPC, a ƙarshen tarminal BAC. Nan fa sai a ture biltan gefe guda kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Abin da ka rubuta a ƴan kwanakin nan, a ninka da kowefisiyan, shi ke nan. Ka kai 10 ka ci. Ka tsaya tsakanin 8 da 10 ka shiga zagaye na biyu. Ƙasa da haka sai baɗi, in iyayenka na da halin sake biya. Na san akwai libire da ke bin ɗalibi zuwa gaban jiri, kuma ana iya buɗe shi a taimaki wanda ya tsaya daf da iyaka. Amma wannan alfarma ce, jiri na iya yi, yana iya bari. Ku dubi ma sunan da muke kiran abin da shi: "rasha". A Faransanci ma'anarsa fansa, wato sake sayen abin da ya kuɓuce. Yaro ya yi shekara 3 yana aiki, amma aikin nan ba hakkinsa ba ne, sai dai a tausaya a fanshe shi da shi kamar wanda aka kama.

Ga inda na tsaya. Makin da ya isa a kori yaro da shi, ya isa a cece shi da shi. In kuwa bai isa ceto ba, to da wane dalili ake kora da shi? Hukuma ta zaɓi ɗaya. Ko dai ta ce makin malamanta shirme ne, ta daina korar ɗiyan mutane a kansa, ko ta ce yana da ƙima, ta sa shi cikin lissafin ƙarshe. Riƙe duka biyun shi ne tiya biyu, kuma a kowane awo ɗalibi ne ke asara.

Na yi wannan magana a fada, na yi ta a ɗakin kwananmu na jami'a, kuma na san amsoshin da ake bayarwa. Ba na raina su, don wasu suna da nauyi.

Ta farko: wai makin aji na sayarwa ne. Wa zai musa? Mun ga malamin da ke ƙara maki ga masu zuwa kur ɗinsa na kuɗi da yamma. Mun san akwai ƴan mata da aka nemi su biya maki da abin da bakina ba zai faɗa ba. Mun san ɗan kwantaragi da ya yi watanni bai ga pekil ba, ga uban yaro ya aiko da buhun shinkafa. Mun san lakwal mai zaman kanta inda ɗan da ubansa ke biya a kan lokaci ba ya faɗuwa. Duk gaskiya ne. Amma ku ga abin mamaki: wannan ɓarna tana nan yau, a cikin tsarin da ake cewa shi ne mai tsabta. Tana nan tana wuce da marasa ƙoƙari, tana korar marasa galihu, ba kuwa wanda ke bincike, don an ce makin ba ya shiga BAC, saboda haka ba ruwan kowa da shi. Rashin lissafa shi bai tsarkake shi ba, ya dai cire masa ido ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa mun bar tsagar mun juya mata baya.

Ta biyu: wai ita jarrabawar ƙasa adalci ce, kowa da tambaya guda, an rufe suna. Na yarda rufe suna babban abu ne, kuma ba na son a taɓa shi. Shi ya sa ɗan manomi daga Dakwaro ke iya kayar da ɗan minista. Amma kada mu mai da jarrabawa ma'aunin zinariya. Tun 1936 wasu masana a Faransa, Laugier da Weinberg, suka ɗauki takardun bakaloriya suka ba masu gyara daban-daban. A rubutun Faransanci da falsafa, an samu takarda guda da tazarar makinta tsakanin mai gyara da mai gyara ta haura 10 bisa 20. Ko a lissafi ba su daidaita ba. Wannan fa a ƙasar da ta ƙirƙiro jarrabawar ke nan. To ina ga mai gyaranmu da aka tula wa ɗaurin takardu cikin zafi, ana jiran sakamako? Ƙara da labarin satar amsa da wayar salula da muke ji kowace shekara. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Awo biyu ne, kowanne da aibinsa, kuma mai hankali in yana da ma'auni biyu masu kuskure haɗa su yake yi don kuskuren wannan ya rage na wancan.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma ƴan uwanmu masu koyarwa a firamare ne ke kawo ta. Suka ce ai an gwada. An taɓa soke CFEPD aka bar makin aji ya riƙa kai yara siziyam, abin ya ɗauki kusan shekara 10, sai da aka maido da jarrabawar a 2024, bayan an sha kukan yaran da ke isa kolej ba su iya karatu ba. Na ji. Amma abin da aka yi can shi ne jefar da tiya guda a riƙe guda. Wancan karon an jefar da jarrabawa, a BEPC da BAC kuwa an jefar da aji. Kuskure iri ɗaya ne, an dai juya shi. Ni ban ce a soke komi ba.

Abin da nake cewa ƙarami ne, kuma ga shi a lissafe. A ba makin aji kashi 20 cikin 100 na sakamakon ƙarshe, jarrabawa ta riƙe 80. Mu gwada da ƙanwata. Mu ce mwayan ɗinta na aji 13. Kashi 20 na 13 shi ne 2,6. Kashi 80 na 7,5 shi ne 6. Jimilla 8,6. Ba ta ci ba, ku lura. Ba wanda ya ba ta kyauta. Ta dai samu shiga zagaye na biyu, lokacin da masassara ta sake ta, ta nuna abin da ta sani. Iyakar abin da nake nema mata ke nan.

Yanzu mu gwada da ɗan gatan da ake tsoro, wanda ubansa ya saya masa 18 a aji. Kashi 20 na 18 shi ne 3,6. Kafin ya kai 10 sai ya samo 6,4 daga jarrabawa, wato sai ya ci 8 bisa 20 da hannunsa, a ɗakin da ba a san sunansa ba. Ko da 20 bisa 20 aka saya masa, sai ya kawo 7,5. Wanda kansa ba komi, wanda zai samu 4 ko 5, kuɗin ubansa ba za su tsallakar da shi ba. Ga amfanin ƙaramin kaso: ya isa ya tallabi wanda ya yi tuntuɓe, bai isa ya ɗauki wanda bai taɓa tafiya ba.

Akwai kuma wanda tsarin zai cuta, ba zan ɓoye shi ba. Wanda ya yi wasa shekara guda yana da 7 a aji, ya yi sa'a ya samu 10,5 a jarrabawa. Yau ya ci kai tsaye. A lissafina zai samu 9,8, sai ya bi ta zagaye na biyu. To, ya bi. Ban ga zalunci a nan ba.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne. Faransa da muka gaji BAC daga hannunta ta sauya nata: tun 2021, kashi 40 na sakamako daga aikin aji yake fitowa, 60 daga jarrabawar ƙarshe. Mu muna nan riƙe da tsohuwar rigar da mai ita ya tuɓe. Ban ce mu kwafi 40 ɗinsu ba, su kansu suna kukan iyaye na matsa wa malamai lamba, maki kuma na kumbura. Ƴan uwanmu da ke rubuta WAEC a Gana da Najeriya su ma ana aika makin ajinsu a haɗa da na jarrabawa. Ku tambayi ɗan uwanku da ke karatu Katsina ko Daura, zai faɗa maku abin yana da magudi, zai kuma faɗa maku ba su jefar da shi ba.

Amma 20 ɗin nan ba zai yi amfani ba sai da sharuɗɗa, in ba haka ba mun buɗe sabuwar kasuwa ne kawai.

Kada a ɗauko shi daga antaro na ba-zata da mushe ke yi ran da ransa ya ɓaci, kada kuma makin ladabi ya shiga. A ɗauko shi daga kwampozisiyo na haɗin gwiwa: lisoshin yanki guda su yi tambaya guda a rana guda, a rufe suna, a yi musayar takardu, malamin wannan lakwal ya gyara na waccan. Wannan ba sabon abu ba ne wurinmu, ai haka ake shirya jarrabawar gwaji kafin BAC a wurare da yawa. Malamin da ba shi ke riƙe da makin yarinya ba, da mi zai yi mata barazana?

A riƙa aika makin ofishin jarrabawa ƙarshen kowane samestir, tun daga sagwand, a kulle. Kada a jira watan Mayu na tarminal, lokacin da kowane uba ya san abin da ɗansa ke buƙata.

A riƙa kwatanta makin aji na kowace lakwal da abin da ɗalibanta suka samu a jarrabawar wannan shekarar. Lakwal da duk ɗalibanta ke da 15 a aji su zo su samu 6 a BAC, ta tona kanta da kanta. A tura masu bincike, a lika sakamakon kowa ya gani. Amma mutum ya yi binciken, kuma ɗalibi ya samu ƙofar ƙara. A 2020, da korona ta hana jarrabawa a Ingila, sun bar wani lissafin kwamfuta ya daidaita makin malamai bisa tarihin kowace makaranta. Kusan kashi 40 na makin aka rage, yaran makarantun talakawa suka fi shan wuya, cikin ƴan kwanaki gwamnati ta janye saboda bore. Kada yaro ya biya bashin waɗanda suka riga shi zama a bencin.

Wanda ya shiga jarrabawa da kansa ba daga wata lakwal ba, a bar masa jarrabawarsa 100 bisa 100. Haka ajin da yajin aiki ko rashin malami ya cinye masa samestir, a cire wannan samestir daga lissafi. Yaron da ke karatu a rumfar zana, wadda ba a kafa ta sai an gama girbi, ruwan farko kuma ya tashe ta, ba shi ya zaɓi gajeruwar shekara ba.

Akwai wata riba da ba a cika faɗi ba. Ku tuna tarminal ɗinku daga watan Maris. Aji ya koma kango. Kowa ya san makin samestir na biyu ba ya kai shi ko'ina, sai a watse zuwa antirenman, a kafa tabulo a lungu, a haddace amsoshin shekarun baya. Darasin da kowefisiyan ɗinsa ƙarami ne a yi masa saki uku. Malami ya shigo ya tarar da mutum goma cikin saba'in. Muna zagin ɗalibai da lalaci, alhali lissafi suka iya: tsarin ne ya ce masu aikin shekara banza ne, mako guda ne komi. Mu ne muke karanta wa yara cewa ba a fafe gora ranar tafiya, sannan mu shirya masu jarrabawar da ba ta san kowace rana ba sai ranar tafiya.

Bari in ƙara da abin da ya shafi fannina. Mafi yawanmu ba mu ji Faransanci ba sai da muka shiga lakwal. A gida Hausa ce, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamajak, ko Barbarci. Duk wanda ya karanta yadda ake koyon harshe na biyu ya san abin da mutum ya sani daban, abin da zai iya fitarwa cikin tsoro da ƙurewar lokaci daban, kuma harshen da aka koya daga baya shi ke fara gudu in hankali ya tashi. Jarrabawar awa 4 tana awon tarihi ko falsafa, tana kuma awon saurin Faransancinka a ranar da cikinka ya ɗuri ruwa. Ɗan da ake Faransanci a teburin gidansu a Yamai ya shigo da rabin makinsa a aljihu. Aikin shekara, inda yaro ke da lokacin tunani, ya yi kuskure a gyara masa ya sake, shi ne wurin da ɗan ƙauye ke iya nuna kansa. Shi ne kuma daidai abin da muka ce ba a lissafawa.

A shekarun nan, sau da yawa ko kashi ɗaya cikin uku na masu shiga BAC ba sa ci. Duk shekara sai a fito a rediyo a ce matakin ɗalibai ya faɗi. Wataƙila ya faɗi. Amma waɗannan da suka faɗi, wa ya kawo su tarminal? Ba biltan ɗin lakwal ba ne ya ce sun cancanta, shekara bayan shekara, da hatimi da sa hannun shugaban makaranta? In biltan ya yi ƙarya shekara 7, a kama maƙaryacin. In gaskiya ya faɗa, a saurare shi ranar hukunci. Hukumar da ke buga hatimi a takardu biyu masu ƙaryata juna ba ta da bakin cewa laifin yara ne kaɗai.

Ina kira ga ƴan uwa na USN, daga lise har jami'a. Mun iya fita kan bursu da abinci da motar ɗalibai, kuma hakkinmu ne. Amma mu da muka tsallake mun manta da rafin. A sa wannan magana cikin takardar buƙatu. Ina kira ga malamanmu kuma, musamman masu gaskiya, su ne kuwa mafi yawa: ku ne kuke kwana kuna gyaran dabuwar ɗari da fitilar waya, ku ya kamata ku fi kowa jin haushin a ce aikinku ba ya shiga lissafi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ƙanwata ta sake zama tarminal. Kuɗin rajista da na littattafai, akuyar innarmu ce ta biya. Ranar da ta kawo biltan na samestir na farko, 13 da ɗoriya, ta miƙa wa inna ta dangwala hannu. Inna ta dubi takardar ta dube ni, ta ce: "Wannan karon ana ƙirgawa?" Na ce mata a'a. Ta dangwala, ta miƙa mata, ta koma kan dakanta.

Wanda ke da amsar da ta fi tawa, shafin fitowa ta gaba a buɗe yake. Amma ya zo da lissafinsa.